Rairayi da Teburi: Tarihin Ƙananan Wasannin Hannu a Ƙasar Gumel

Wasannin da ake gwada saitin hannu da kaifin ido a cikinsu sun rarrabu gwargwadon abin da ɗan wasa yake yi da kayan wasansa, domin akwai abin da ake ajiyewa a gurbi, akwai wanda ake cillawa sama a cafe, akwai wanda ake murzawa ya yi ta juyi, akwai kuma wanda ake mirginawa a ƙasa ya je ya bugi wani abu da aka tsayar a nesa. Wannan kashi na ƙarshe shi ne dangin wasan da duniya ta sani da sunan bolin, wato wasan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanyar katako domin a kayar da wasu guntayen itace masu siffar kwalba da aka jera a ƙarshenta, waɗanda za a riƙa kira turaku a nan. Wasan yana da ƙaramin samfuri da ake ɗorawa a kan teburi, kuma maƙeransa sun shafe ƙarnuka suna fama da matsalolin da ƙanƙantawa take jawowa. A ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, kashi ukun farko sun daɗe da kafuwa, na huɗu kuwa bai sami gindin zama ba sai da siminti da katako da teburi suka shigo, kuma babban dalilin haka yana cikin irin ƙasar da mutanen yankin suke takawa.

Masarautar Gumel ta kafu ne wajen shekarar 1750 a hannun Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa, ta kasance tana bin Borno, aka kuma dawo da hedikwatarta daga Tumbi, wadda take cikin Nijar a yanzu, zuwa garin Gumel a 1845, sannan ta shiga hannun Turawan Ingila a 1903. Ƙasarta jigawa ce mai yawan rairayi da tuddai, inda gero da dawa da wake da riɗi suke yi, inda kuma goruba da aduwa da gawo suke cikin itatuwan da aka fi gani. Ƙwallon da aka mirgina a irin wannan ƙasa ba ya nisa, domin rairayi yana buɗe masa ya nutse, ya kuma tara tudu a gabansa ya tsayar da shi, turken da aka kafa a cikinta kuwa yakan kama ƙasa ya ƙi faɗuwa. Abubuwa biyun da bolin yake buƙata, wato ƙwallo mai gudu da turke mai saurin faɗuwa, duka rairayi ya hana su. Hausawa sun san shimfiɗa mai tauri tun da daɗewa, domin mata sukan yi daɓe, wato su zuba tsakuwa da ƙasa a ɗaki, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har wurin ya yi sumul, amma daɓe aikin cikin gida ne, na ɗakin amarya da tsakar gida, ba a kuma yin wahalarsa domin samari su sami wurin wasa. Filin wasan maza shi ne ƙofar gida da dandali da inuwar bishiya, kuma duk rairayi ne.

Wasan da ya fi dacewa da wannan ƙasa, ya kuma fi kowanne daraja a wurin manya, shi ne dara. Mutum biyu sukan share wuri da tafin hannu, su daddanna ramuka a jere, layi 5 kowanne da rami 6, rami 30 ke nan, kowane rami ana ce masa gida. Ɗaya ya ɗauki guntayen kara ko tsinke 12, ɗayan ya ɗauki tsakuwa ko ƙwallon aduwa 12, domin kada 'ya'yan wannan su sarƙe da na wancan, a wajen Azbinawa da sauran masu raƙuma kuwa busasshen kashin raƙumi yana biyan wannan buƙata. Wasan yana da zango biyu. A zangon farko kowa yana zuba ɗa guda, bi da bi, a gidan da ya ga dama, sai dai ba a yarda ya jera uku a layi ɗaya ba. Idan zubi ya ƙare sai a shiga tafiya, inda ɗa yake matsawa gida ɗaya tak, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace, kuma duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa guda daga na abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, shi aka cinye. Wanda ya duba lissafin zai ga inda hikimar tsarin take, domin 'ya'ya 24 a cikin gida 30 suna barin gida 6 kawai a buɗe, saboda haka wuri ya matse tun kafin a fara tafiya, kuma gwani yakan gama rabin aikinsa tun a zubi, ta hanyar toshe wa abokinsa hanya da tanadar wa kansa mafita. Babban burin gwanaye shi ne kafa abin da ake kira doki, wato tsarin da ɗa guda yake kai da komowa tsakanin jeri biyu, duk matsawar da ya yi ya cika uku ya ci, kuma wanda aka kafa wa wannan da wuya ya tashi.

Abin lura a nan shi ne yadda rairayi ya zama abokin aikin wasan. Tsinken da aka soka a gida yana tsayawa ƙyam, iska ba ta ture shi, gefen riga ba ya share shi, 'yan kallo da suka yi da'ira suna leƙe kuma suna iya banbance shi da tsakuwa daga nesa. Riƙon da ƙasa take yi wa turke, wanda aibu ne a bolin, shi ne amfani a dara. Ba a sayen komai, ba a ajiye komai, idan an kira salla ko rana ta kori inuwa sai a shafe gidajen da ƙafa a tashi, gobe a sake haƙa wasu. Wasan yana zaune ne a cikin kawunan masu yinsa, shi ya sa ake samunsa daga Zabarmawa, waɗanda suke kiransa dili, zuwa Dakarkari na ƙasar Zuru, zuwa ƙasashen Damagaram da Gumel da Kano, ba tare da ɗan kasuwa ya ɗauke shi a kaya ba. Marubutan Turai sun zo sun tarar da shi a haka: Charles Béart ya wallafa babban littafinsa kan wasannin Afirka ta Yamma a Dakar a 1955, R. C. Bell kuma ya bayyana darar Dakarkari a littafinsa na wasannin allo da na teburi a 1960. Akwai wata darar ta daban mai rami 12, wadda ake zuba 'ya'ya hurhuɗu a kowane rami ana kwasa ana rarrabawa, 'yar'uwar ayo ta Yarabawa, ita ma ana haƙa ta a ƙasa, ko da yake masassaƙi yana iya fafe ta a gungumen itace.

Wasannin yara ma sun bi wannan hanya. 'Yan mata suna carafke, inda ake cilla tsakuwa sama a kwashi na ƙasa kafin ta sauko a cafe ta, wasan da ba ruwansa da santsin wuri. Samari suna murza katantanwa, wato ƙwanson dodon koɗi da ake gyara bakinsa a murza tsininsa da yatsu biyu ya yi ta juyi, daga baya kuma suka koma haɗa ta da marfin biro da marfin batir. Katantanwa tana son ɗan rairayi mai laushi, domin tsininta yana haƙa wa kansa gurbi ya tsaya a ciki yana juyi.

Wasan mirgine ya taso ne a wuraren da dutse da katako suka wadata. Mafi tsufan abin da ake dangantawa da shi ƙarami ne ƙwarai, irin wanda zai zauna a kan faifai. A tonon da Flinders Petrie ya yi a Nakada ta ƙasar Masar a 1895, an sami wasu kayayyaki a kabarin wani yaro, waɗanda suka kai kimanin shekara 5,000: duwatsu 9 da aka sassaƙa kamar 'yan tuluna, ƙananan ƙwallayen dutse 4, da sandunan marmara 3 da za a iya haɗawa su zama ƙofa. Petrie ya fahimci cewa ana tura ƙwallon ne ta cikin ƙofar ya je ya kayar da duwatsun, ko da yake wasu masana na baya sun yi shakkar cewa kayan duka na wasa ɗaya ne. A Turai wasan ya bunƙasa a Jamus da Holan da Ingila da turaku 9, har ya kai ga damun masu mulki. A 1541, zamanin Sarki Henry na Takwas, dokar Ingila ta hana leburori da barori da masu koyon sana'a irin waɗannan wasanni sai a lokacin Kirsimeti, domin ana ganin suna ɗauke wa talakawa hankali daga koyon harbin baka. A 1841 jihar Connecticut ta Amurka ta haramta wasan turaku 9 saboda caca. Tsarin turaku 10 da ya mamaye duniya ya sami tsayayyun ƙa'idoji ne a 1895, lokacin da aka kafa ƙungiyar bolin ta Amurka a birnin New York.

Sai an san ma'aunin babban wasan sannan za a gane wahalar ƙanƙanta shi. Daga layin da ɗan wasa ba ya ƙetarewa zuwa turken farko ƙafa 60 ne, wato mita 18 da ɗoriya, faɗin hanyar kuwa bai cika inci 42 ba, kuma a kowane gefe akwai kwata da ƙwallo yake faɗawa idan ya kauce. Kowane turke tsawonsa inci 15 ne, nauyinsa kimanin kilo ɗaya da rabi, ana jera su huɗu a baya, sannan uku, sannan biyu, sannan ɗaya a gaba, tsakanin tsakiyar kowanne da maƙwabcinsa inci 12. Ƙwallo ba ya wuce fam 16, wato kilo 7 da kwata. Wasa zagaye 10 ne, kuma wanda ya kayar da turakun duka a jifa ɗaya sau 12 a jere ya sami maki 300, iyakar abin da ake samu. Idan maƙeri ya rage kowane awo zuwa kashi ɗaya cikin goma, hanyar za ta koma ƙafa 6, faɗinta wajen santimita 10, turke kuma ƙasa da santimita 4. Nauyi kuwa ba sau goma yake raguwa ba, domin tsawo da faɗi da kauri duk sun ragu tare, saboda haka yana raguwa sau dubu: turken da yake kilo ɗaya da rabi ya koma giram ɗaya da rabi, ƙwallo ya koma giram 7. Turke mai wannan nauyi numfashin ɗan wasa ma yana iya kayar da shi, balle a ce wani ya dafa teburin. Ƙwayar yashi da gurjin katako kuma ba su ƙanƙance tare da kayan ba, don haka abin da babban ƙwallo yake takawa ya wuce bai ji ba, shi ne yake karkatar da ƙarami. Ga kuma hannun mutum, wanda ya yi wa ƙwallon girma, ba zai iya lilo da shi ya sake shi yadda ake yi a babban fili ba.

Saboda haka babu maƙerin kirki da yake rage komai daidai da juna. Yakan gajarta hanya fiye da yadda ya rage turaku, ya faɗaɗa gindinsu, ya zaɓi itace mai nauyi, ya yi ƙwallon da ƙarfe, sannan ya nemi wata dabarar da za ta tsaya a madadin lilon hannu. Dabarun da tarihi ya adana sun bambanta ƙwarai. A Ingila an kafa sanda a gefen allo, aka rataya ƙaramin ƙwallon itace da sarƙa ko igiya daga samanta, aka jera turaku 9 a kan ɗan dakali a tsakiya. Ɗan wasa ba ya jifan turakun kai tsaye, yakan wurga ƙwallon ne ya zagaya ta bayan sandar ya dawo ya same su, yana da jifa uku, idan kuma ya share su duka kafin jifansa ya ƙare sai a sake jera masa, don haka iyakar abin da zai samu a zagaye ɗaya 27 ne. Wannan tsari ya kawar da buƙatar doguwar hanya gaba ɗaya, tun da ƙwallon a iska yake tafiya, kuma ba ya ɓata tun da a ɗaure yake. A Faransa da Holan an bi wata hanyar, wadda duk wanda ya taɓa murza katantanwa zai gane ta nan take: aka yi teburi mai katanga da aka raba ɗaki-ɗaki da ƙananan ƙofofi, aka tsayar da turaku a cikin ɗakunan, kowanne da makinsa, sai a naɗe zare a jikin wani majuyi mai kama da katantanwa a fizge, shi kuma ya shiga yana karo da bango yana kayar da abin da ya tarar. A nan gwaninta kaɗan ce, sa'a ta fi yawa.

Matsalar da ta fi sauya tarihin wasan ita ce ta sake jera turaku, domin jifa na ɗaukar ƙiftawar ido, jerawa kuwa tana cin lokaci, kuma yatsun babban mutum sukan ture turke biyu yayin da suke tsayar da ɗaya. Wasu sun huda allon suka ɗaura wa gindin kowane turke zare, ta yadda idan aka ja hannu guda a ƙarƙashi duk su miƙe a gurabensu, dabarar da a yanzu ta koma har manyan filayen bolin. Wasu kuwa sun gaji suka kafe turakun da ƙusa, suka mayar da ramuka su ne abin nema, turakun suka zama shingen da ƙwallo yake karo da su. Daga nan aka sami wasan bagatel na Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. A 1871 Montague Redgrave ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Amurka, wato sandar da ake ja a saki, waya mai naɗi ta harba ƙwallon, abin da ya raba hannu da ƙwallo kwata-kwata. A 1931 David Gottlieb na Chicago ya fitar da na'urar Baffle Ball, wadda ake saka kwabo kafin ta ba da ƙwallo, kuma daga 1942 har zuwa 1976 birnin New York ya haramta irin waɗannan na'urori yana kallonsu a matsayin caca. Ƙanƙantawa ta mayar da wasan kaya mai mai shi, wanda ake saye da kuɗi, ake kullewa da dare, ake kuma karɓar haya a kansa.

Hanyar da siminti da katako da teburi suka bi suka iso ƙasar Gumel ita ce hanyar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, mai tsawon kimanin kilomita 230, aka kammala shi a 1930, yana ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. An shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da fatu da ƙiraga da dabbobi, kuma a kowace tasha sabon gari yakan tsiro a gefen tsohon, abin da ya sa har yau ake banbanta Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Garin tasha yana da irin mutanensa: masu sikeli da 'yan baranda da suke sayen gyaɗa a hannun manoma, 'yan dako, akawuna, da ma'aikatan jirgi waɗanda da yawansu daga kudu suka zo. Yana kuma da dogon jira, na jirgi da na awo da na biya, jira kuwa shi ne abincin wasa. Tare da waɗannan mutane kwanon rufi da siminti da katakon da aka tsaga da zarto suka shigo. Masassaƙin gargajiya yana aiki ne da gizago a kan gungume guda, yana fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujera da allon karatu, aikin da ya ƙware a fafewa da zagayewa, amma dogon shimfiɗaɗɗen katako mai daidaito aikin kafinta ne, kafinta kuma da teburinsa da bencinsa ɗan zamanin dogo ne a wannan yanki.

Wasannin da suka fara hawa teburi da benci ba na mirgine ba ne. Karta ce, da darar Turawa mai allo baƙi da fari, da ludo, wanda aka yi wa rajista a Ingila a 1896 bayan an samo shi daga wasan pachisi na Indiya, sai kuma Whot, wadda aka ƙirƙira a Ingila a 1935 amma ta fi samun gida a Nijeriya. Cinikin gyaɗa ya durƙushe bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa amfanin a 1975, jirgi ya ja baya, motoci suka karɓe kaya, harkar yankin ta fi karkata ga titi da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, amma teburi ya riga ya zauna. A kansa ne daga baya wasan mirgine na farko da ya karɓu sosai a garuruwan arewa ya iso, wato sinuka. Asalinta hafsoshin sojan Ingila ne suka tsara ta a Jabalpur ta Indiya a 1875 daga wasan biliyad, kuma cikakken teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, da shimfiɗar dutse a ƙarƙashin ƙyallen, dabarar da John Thurston ya shigo da ita a 1826 domin katako yana lanƙwasa. Abin da ake bugawa a rumfunan garuruwa ƙaramin samfuri ne, kuma kafintocin gida ne suke haɗa shi da fallen katako da koren ƙyalle da roba a gefuna. Wanda ya tsaya kusa da irin wannan teburi zai ga dukan matsalolin da aka ambata a sama a fili: an cusa guntun kwali ko fallen dutse a ƙarƙashin ƙafa ɗaya domin ta daina nutsewa, mai teburin yana ajiye ƙwallo a tsakiya ya ga ko zai gangara da kansa, 'yan wasan da suka saba da wurin kuma sun san ramin da ƙwallo yake so da gefen da robarsa ta mutu, suna cin baƙo da wannan sani.

Sinuka ta zo da abin da dara ba ta taɓa sani ba, wato kuɗin wasa, wanda a wurare da yawa wanda aka ci shi yake biya, kuma daga nan zuwa caca tazarar kaɗan ce. Damuwar malamai da iyaye a kan haka tana da tushe mai zurfi, domin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ta hana wasannin allo na nardu da shaɗaranji, ta kuma karhanta zama wurin masu yinsu, kuma tun da Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 sa ido a kan wuraren caca ya ƙaru. Dara ma ba ta tsira daga zargin cin lokaci da shagaltarwa daga salla ba. Sai dai adalci ne a raba wasa da abin da aka ɗora masa, domin yaron da yake koyon auna kusurwa da ƙarfin bugu yana koyon abu mai amfani, kuma abin da yake ɓata wurin shi ne kuɗin da aka aza a kan sakamako da rashin babba a kusa. Abin takaici na gaske shi ne yadda samari da yawa suka tashi ba su iya zubin dara ba, alhali wasa ne da ya fi ludo zurfi nesa ba kusa ba, ba ya kuma cin ko sisin kowa.

Bolin kansa, mai cikakkiyar hanya da injin jera turaku, yana manyan birane ne irin Legas da Abuja. Abin da yake isowa garuruwa shi ne turakun roba na yara da ake shigowa da su daga Sin, da wanda ake bugawa a waya, da kuma wanda yara suke haɗawa da kansu idan suka sami barandar siminti, su jera gwangwanaye ko gorunan roba su mirgino musu ƙwallo. Su ma sukan gano da kansu cewa gorar da babu komai a ciki iska ce take kayar da ita, wadda aka cika da yashi kuma ba ta faɗuwa, sai an zuba kaɗan a gindi. Kafintan da zai ƙera wasan teburi domin wannan yanki yana da abokan gaba uku: ƙurar hunturu da take kwanciya a kan hanya ta rage wa ƙwallo gudu, bushewar rani da take tsaga katako, da laimar damina da take kumbura shi ya lanƙwashe. Duk tsarin da ya dogara da doguwar hanya mai santsi zai sha wahala da su. Tsarin ƙwallon rataye kuwa bai damu da ko ɗaya ba, tun da wurin da yake buƙatar daidaito bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, wato dakalin da turakun suke tsayawa. Turakun aikin masassaƙi ne, wanda hannunsa ya saba da zagaye taɓarya da muciya, ƙodagon goruba kuma yana da tauri da girman da za a huda shi a rataya. Abin da zai fi neman kulawa shi ne gindin turakun, wanda dole a goge shi ya zama daidai a dukan tara, a kuma sa wa kowanne alama a kan dakalin, domin jerin da aka yi wa ɗan wasa na farko ya zama shi ne aka yi wa na biyu.